Saitin kayan kariya na leburan gini a shagunan Kaduna: wanne ke aiki, wanne ne na cika ido

Duk wanda ya shiga shagunan kayan gini na cikin garin Kaduna, ko na kan titin Ahmadu Bello ko na wajen Panteka, ya ce yana neman kayan kariya na ma'aikata, kusan abu ɗaya za a zube masa a kan kanta: hular kwano, riga mai ƙyalli, takalmin roba mai dogon wuya, safar hannu ta zare, takunkumin hanci, sai tabarau. Masu shago na kiran wannan haɗi cikakken saiti, kuma dozin-dozin ake ɗibarsa. Masu saye galibi 'yan kwangila ne da takardar aikinsu ta wajabta musu. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, irin ginin ajujuwa na shirin AGILE na ilimin 'yan mata da jihar Kaduna ke ciki, suna tafiya ne a kan ƙa'idojin muhalli da na ƙwadago da bankin ya fara aiki da su a Oktoban 2018, kuma mai duba aiki zai so ya ga kowane lebura da hula a kansa.

Hukuncinmu a kan saitin tun daga farko: an haɗa shi ne don ya cika ido daga nesa. Rigar tana aikinta. Takalmin yana rabin aikinsa. Hular sai an tantance ta ɗaya bayan ɗaya. Safar hannun da takunkumin kuwa suna iya cutar da wanda ya dogara da su. Sannan abubuwan da suka fi naƙasa magina, wato faɗowa daga sama da ƙurar yankan kankare, babu abin da ke tare su a cikin ledar.

Mu fara da hular kwano, tunda ita ce fuskar saitin. Ka kifa ta ka duba ƙarƙashin bakinta. Hular da aka ƙera bisa ma'aunin Turai na EN 397 tana ɗauke da wannan lamba a jikin robar kanta, tare da sunan kamfani, da irin robar, ABS ko HDPE, da wani ɗan zagaye kamar fuskar agogo mai nuna lokacin da aka ƙera ta. In lambar a takarda aka manna ta, ka ajiye. Gwajin da ake yi wa hular gaske shi ne a sako mata ƙarfe mai kilo 5 daga tsayin mita 1, kuma ƙarfin da zai ratsa zuwa kai kada ya wuce kwatankwacin nauyin rabin tan. Akwai gwaji na biyu da ƙarfe mai tsini, kilo 3, wanda ba a yarda ya taɓa kai ba.

Ƙoƙon waje shi kaɗai ba ya shanye bugu. Ragar igiyoyin da ke ciki ita ke ɗauke kai daga ƙoƙon, ta bar sarari na kamar faɗin yatsu biyu, ta miƙe idan abu ya faɗo. A nan hular saitin araha ke faɗuwa. Ragarta siririyar roba ce da aka maƙale da 'yan hanci huɗu, waɗanda ke ɓallewa da ja ɗaya. Gwaji uku za ka yi kafin ka biya. Ka matse hular daga gefe biyu kamar santimita 2 ka saki; mai kyau za ta koma yadda take nan take, marar kyau za ta yi ƙara ko farin layi ya fito a jikinta. Ka ɗora ta a gwiwa ka danna tsakiyarta da ƙarfi; in ragar ta taɓa ƙoƙon, babu kariya. Ka sa ta, ka ɗaure majanyin baya, ka sunkuya kamar mai ruku'u ka girgiza kai. In ta faɗi, haka za ta faɗi a kan sikafol.

Ranar Kaduna tana cin roba. Manyan kamfanonin ƙera hula irin MSA suna cewa a canza ƙoƙo kada ya wuce shekara 5, raga kuma duk shekara, amma hular da ke wuni a rana kullum ba ta kai haka. Da zarar launinta ya dushe, ka shafa ka ga gari kamar alli a yatsa, ta gama aiki. Rubuta sunan kamfani da fentin mai shi ma yana raunana robar, haka sa hana-salla ko hular sanyi mai kauri a ƙarƙashi yana cinye sararin nan da ake buƙata. Hular da abu mai nauyi ya taɓa buga ta, ko ba a ga tsagewa ba, ba a sake sa ta.

Ko mai kyau ce, tana da iyaka, kuma ya kamata duk heluma ya san lissafin. Bulo mai inci 9 yana kai kilo 20. In ya suɓuto daga dekin farko, tsayin mita 3, ƙarfin da zai sauka da shi ya ninka na gwajin hular sau 12. Hula na tare guduma, da guntun rodi, da tsakuwa, da karo da katako. Bulo kuwa ana tare shi ne tun daga sama: a kafa katako mai faɗin santimita 15 a tsaye a bakin dekin da bakin sikafol, kada a jera bulo a gaɓa, a kuma zagaye ƙasan inda ake ɗaga kaya da igiya don kada kowa ya bi ta nan.

Akwai kuma abin da masu haɗa saitin ba su yi la'akari da shi ba. Ranar zuba dekin a yawancin gine-ginen garin nan, da kwanon sarki ake hawa da kankare. Wanda ya ɗora gammo da kwano ba zai sa hular kwano ba, shi ya sa za ka ga huluna rataye a kan rodin ginshiƙi, mutane na hawa da sauka kai a buɗe, wani a ƙarƙashin wani. Buhun siminti ɗaya kwanon sarki biyu ne, wato kowane kwano na cin kusan lita 17, kuma lita ɗaya ta kankare kilo 2.4 ce. Ko kashi biyu cikin uku aka cika, nauyin ya haura kilo 25 a kan wuya, sawu bayan sawu, a kan matakalar katako mai santsi. Maganin wannan yana wajen tsara aiki: kura da igiya da bokiti, ko injin ɗaga kaya na haya, ko gangara mai faɗi da baro zai hau. In dole sai da kwano, a raba hanyar hawa da ta sauka, a sa wa matakalar madafa ta gefe biyu, a riƙa watsa yashi a kan taka.

Takalmin da ke cikin saitin na ruwan sama ne. Yana hana ɗanyen kankare taɓa fata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya fi buhun siminti da leda da leburori ke naɗe ƙafa da su nesa ba kusa ba. Sai dai ba shi da ƙarfe a baki, ba shi da faranti a tafi. Ƙusa mai inci 3 da ta rage a katakon da kafinta ya ɓalle za ta ratsa shi kamar ta ratsa silifas. Ma'aunin da za ka nema shi ne EN ISO 20345. Bakin irin wannan takalmi na jure bugun kilo 20 daga tsayin mita 1. Harafin da ke biye da lambar shi ke gaya maka sauran: S1P na da farantin hana ƙusa, S3 na da faranti kuma ruwa ba ya saurin shiga, S5 shi ne na roba mai dogon wuya da ke da baki da faranti duka, wato na masu tsayawa cikin kankare. Mai kuɗi kaɗan zai iya samun takalmin aiki na gwanjo a Kasuwar Barci, kuma sau da yawa ya fi sabon na araha ƙarko. A lanƙwasa tafin a gani. Tafin da ya daɗe a ajiye yana iya ɓarɓashewa. A saka hannu a taɓa ƙarfen bakin, in ya lotse a bar shi. Wando kuma a sake shi a kan takalmin roba, kada a cusa shi ciki, don kankare kada ya zubo ta sama ya kwanta a idon sawu. Duk wanda ƙusa ta soka, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti ranar don allurar tetanus. Zuba fetur ko baƙin mai a ciwon ba ya hana komai.

Safar hannu ta zare mai ɗigo-ɗigon roba tana da kyau wajen ɗaukar busasshen bulo da katako. A aikin siminti ita ce mafi muni. Ɗanyen siminti na da kaifi irin na soda, ma'auninsa na pH yana kai 12 zuwa 13, kuma ƙunarsa ba ta zafi nan take. Zare na tsotse ruwan simintin ya riƙe shi a jikin fata wuni guda, sai dare mutum ya ga yatsu sun saɓule. Bayan ƙuna akwai sinadarin kuromiyam da ke cikin siminti, mai jawo ƙaiƙayi da tsattsagewar hannu da ba sa barin mutum da zarar jikinsa ya ƙi shi. Shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka taƙaita shi a simintinsu tun 2005. Birkila da mai filasta da mai kwaɓa suna buƙatar safar roba mai kauri, nitiril ko PVC, mai dogon hannu. Mai lanƙwasa rodi yana buƙatar ta fata. Shafa baƙin mai a hannu da ƙafa kafin shiga kankare, wanda ya zama al'ada, yana ƙara wa fata wata guba ne a kan wadda ake gudu. Abin da ke aiki shi ne duro na ruwa mai tsabta da sabulu a kusa da wurin kwaɓi, kuma in siminti ya shiga takalmi ko ido, a wanke da ruwa mai gudu na minti 20. Mai aiki kusa da miksa ko injin huda kuwa kada ya sa safa sam, domin abin da ke juyawa in ya kama safa sai ya ja hannu.

Takunkumin shi ne inda saitin ya fi ba mu takaici. Wanda ake sakawa a ciki ko dai shuɗin nan na asibiti ne da aka saba da shi lokacin korona, ko farin ƙoƙo mai zare ɗaya. Dukansu ba a yi su don ƙurar gini ba. Yashi da dutsen da ake fasawa a yi tsakuwa, da kankare, da bulo, da tayil, duk suna ɗauke da silika. In an yanka su ko an goge su a bushe, ƙurar da ke tashi tana da ƙwayoyin da ba su kai maikiron 10 ba, alhali kaurin gashin kai kusan 70 ne. Wadda ido ke gani hanci na tare mafi yawanta. Wadda ba a gani ita ke kaiwa can cikin huhu ta zauna, huhun ya yi ta tabo har ya ƙage. Sunan cutar silikosis, ba ta da magani, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, lokacin da birkila ya fara haki a matakalar da yake hawa da gudu a da. Tana buɗe wa tarin tibi ƙofa, kuma tun 1997 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu. Iyakar ƙurar silika da Amurka ta sa a 2016 ita ce maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska a aikin awa 8. Mai tsaga bango da injin yanka don binne bututun wayar wuta, a cikin ɗaki, yana wuce wannan iyaka ninkin-ba-ninkin.

Abin nema shi ne takunkumi mai rubutun EN 149 da FFP2 ko FFP3 a jikinsa, da alamar CE mai lamba huɗu a gefe. FFP2 na tace kashi 94 cikin ɗari, FFP3 kashi 99, kuma shi ne na yankan kankare da dutse. Takunkumin N95 na Amurka na gaske yana da lambar da ta fara da TC-84A. Igiya biyu ake so masu zagaya ƙeya. Mai rataya a kunne ba ya matsewa. Bayan an sa, a lanƙwasa ƙarfen hanci da hannu biyu, a rufe takunkumin da tafuka a fitar da numfashi da ƙarfi. In iska ta taɓa ido ko kumatu, a gyara. Wanda aka rubuta NR a jikinsa na wuni ɗaya ne. Ba a wanke shi, ba a rataye shi a wuya cikin ƙura a mayar gobe.

Magana ta gaskiya da ya kamata a faɗa a Kaduna: gemu na hana takunkumi kama fuska, kuma da yawa daga cikin magina masu gemu ne don addini. Ba wanda zai ce wa malam ya aske. Hanyar da ta fi, ga mai gemu da marar gemu, ita ce a kashe ƙurar tun daga bakin faifan. Ruwa kamar rabin lita a minti ɗaya, yana zuba a kan faifan yanka ba tsayawa, yana kwantar da mafi yawanta. Jarka mai lita 20 a rataye da siririn tiyo ta isa aikin minti 40. Amma a kula: injin hannu na lantarki da ba a ƙera shi don ruwa ba, haɗa shi da ruwa neman ajali ne. A yi amfani da teburin yankan tayil mai kwamin ruwa, ko injin fetur a waje, kuma duk wutar da ke filin ta bi ta na'urar katse wuta mai miliamfiya 30. A yayyafa ruwa kafin shara, musamman da hunturu. Tsofaffin gidajen shekarun 1970 da 1980 masu silin ko rufin asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kuwa, ba a fasa su ba a yanka su. Jiƙa su ake a kwance su ɗaya-ɗaya, a naɗe.

Tabarau na saitin yana saurin karcewa ya yi hazo da gumi, shi ya sa yake ƙarewa a goshi. A nemi mai alamar EN 166. Harafin F na ƙananan tartsatsi ne, B na masu ƙarfi. Bakin faifan injin yanka na gudun da ya kai mita 80 a daƙiƙa, don haka mai yanka na buƙatar garkuwar fuska a kan tabarau, da murfin injin a wurinsa. Cire murfin don a ɗaura faifan da ya fi girman injin shi ne silar munanan raunukan fuska da hannu. Baƙin tabarau na rana da ake gani a idon masu walda ba ya tare hasken da ke ƙona ido; gilashi mai lamba 10 zuwa 13 ake buƙata. Abin toshe kunne babu shi a saitin ko kaɗan, alhali shi ne mafi araha a dukan kayan. Kunne na jure ƙarar da ta kai desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu. Injin yanka na kai 100, wato minti 15 ke nan.

Rigar ƙyalli ba ta da matsala. Tana amfani inda tifa ke ja da baya da kuma aikin dare. A ɗauki mai raga saboda zafi, kuma mai walda ya cire ta don tana narkewa.

Idan ka tambayi abin hana faɗowa, mai shago zai ce, "Alhaji, akwai bel, amma kuɗinsa daban." In na ƙugu ne kawai, kada ka karɓa, yana karya baya ya matse ciki, kuma Amurka ta hana tare faɗuwa da shi tun 1998. Ɗamarar da ke kama kafaɗa da cinya, EN 361, ita ce daidai, da igiya mai jakar rage fizga, EN 355. Sai dai ga inda ake gudun gara a faɗa gidan zago. Igiyar mita 2 ce, jakar na warwarewa har mita 1.75, tsayin mutum da ɗamararsa kusan mita 2, sai mita 1 ta rara. Jimla mita 6.75 ake buƙata a ƙasan inda aka maƙala. Hawa ɗaya na bene kusan mita 3 ne. Ke nan a kan dekin farko, ko a rufin gida marar bene, mutum zai daki ƙasa kafin igiyar ta riƙe shi. Wurin da aka maƙala igiyar kuma dole ya iya ɗaukar fiye da tan ɗaya, abin da sikafol na itace da ƙusa ba zai taɓa yi ba. Ga irin gine-ginen da suka fi yawa a Rigasa da Kinkinau da Millennium City, kuɗin ɗamara gara a kashe shi a kan shinge: sanda ta sama a tsayin mita 1, ta tsakiya yadda tazarar da ke tsakani ba za ta wuce santimita 47 ba, sai katakon ƙasa da muka ambata. A rufe ramin matakala da katako a buga ƙusa. Tsani a jingina shi taku ɗaya waje a kowane taku huɗu na tsayi, ya zarce wurin sauka da mita 1, a ɗaure kansa. Sandar rodi mita 12 ce. Kafin a ɗaga ta a kan dekin a duba inda wayar wuta ta bi, domin babu hula ko takalmin da zai ceci wanda ya taɓa babban layi.

Akwai kayan kariyar da ba a sayarwa a shagon, kuma mai gini ne zai tanade su. A watan Maris da Afrilu, mai aikin ƙarfi na buƙatar kofi ɗaya na ruwa, kamar rubu'in lita, duk minti 20. Leburori 10 a awa 6 za su sha lita 45, wato jakar fiya wata huɗu da rabi. A kafa rumfa, a kewaye makewayi, a ajiye akwatin taimakon gaggawa da bandeji da ruwan wanke ido. Da azumi a mayar da zuba kankare bayan asuba ko bayan isha'i da fitilu masu kyau. Kankaren ma ya fi son sanyin. Ramin sokawe ko na tushe da ya wuce mita 1.2 a tokare gefensa ko a kwantar da shi, musamman da damina, domin ƙasa mita kubik ɗaya ta haura tan ɗaya da rabi. In an tashi aiki a rufe shi, yaran unguwa na shiga kango wasa.

Wa zai biya? Wasu 'yan kwangila na cire kuɗin saitin daga ladan lebura, ko su ce wanda bai zo da takalminsa ba ya koma gida. Wannan zalunci ne, kuma ya saɓa wa yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, wadda ta ce matakan kare lafiya a wurin aiki ba a ɗora wa ma'aikaci kuɗinsu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ɗan aikin yini da ɗan koyo. Mai ɗaukar aiki na zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma in hatsari ya faru yana da kwana 7 ya kai rahoto. Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba a irin wannan aiki, ta hana wanda bai kai 16 ba aiki da inji. Ba a ƙera hular kwano da takalmin aiki daidai yaro ba; duk inda ka ga hula na yawo a kan wani, ka tambayi shekarunsa. Mai gida da ya ba da aikin jinga shi ma bai fita ba: tun wajen ciniki ya sa kayan kariya a matsayin layi mai zaman kansa a lissafi, yadda ba za a haɗiye kuɗin cikin na siminti ba.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi a kan gini. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine a 2011, a jiha kuma akwai hukumar kare muhalli ta KEPA, ga KASUPDA mai ba da izinin gini. A aikace abin da ake nema kaɗan ne. Kada a juye yashi da tsakuwa a bakin kwata, ruwan Agusta zai kwashe su ya toshe ta. Ruwan wankin miksa a tara shi a rami mai shimfiɗar leda ya bushe, domin kaifinsa na kashe shuka, kuma in ya bi magudana rafi zai nufa, daga nan kogin Kaduna. Fankon buhunan siminti a ɗaure a sayar, kada a ƙona. Baƙin man janareta a tara a jarka.

In za ka yi sayayya, ka bar saitin a ɗaure, ka sayi kayan bisa aikin kowa. Hula mai EN 397 ga duk wanda zai shiga filin, har da mai gida da baƙinsa. Takalmi S5 ga masu kwaɓa da masu baza kankare, S3 ko S1P ga kafinta da mai rodi da birkila. Safar roba ga masu taɓa siminti, a lissafa biyu ga kowa don ɗaya ta bushe. Kwalin FFP3 da abin toshe kunne da garkuwar fuska ga mai injin yanka. Ka ce wa mai shago ya buɗe kwali a gabanka, ka ɗauki uku daga wurare daban-daban ka gwada, ka kuma sa ya rubuta lambar ma'aunin a rasit; shagunan da ke kawo wa masana'antun Kakuri kaya sun saba da wannan, ba sa jin haushi. A filin aiki heluma ya buɗe littafi: sunan wanda aka ba, ranar da aka ba shi, ranar da za a canza. Hular da ta gama aiki a fasa ta da guduma, ɗamarar da ta taɓa riƙe faɗuwa a yanke igiyoyinta da wuƙa kafin a zubar, domin in an yar da su lafiyayyu 'yan gwangwan za su tsince su, su sake dawowa kasuwa.